Jawabi A Kan Ajiye Babbar Waya Da Komawa Ga Allo

 

Ya ku malamai iyayenmu, ya ku almajirai ƙannenmu, an yawaita tambayata dalilin da ya sa na ajiye babbar waya na koma ga ƙarama mai maɓalli. Waɗansu suna zaton sace ta aka yi, waɗansu kuwa suna zaton babu ce ta kama ni. To, ku saurara in gaya muku.

Wani dare bayan magariba, wani almajirina yana biya mini allonsa, ni kuwa idona yana kan waya. Ya tsallake aya guda, ban ji ba, har na ce masa ya tafi ya wanke. Sai wani ƙaramin yaro a gefensa ya ce, "Allah gafarta Malam, ya bar aya." Kunyar da na ji a daren nan ban taɓa jin irinta ba. Uban yaron nan amana ya ba ni, kuma da ya wanke allon, da ya hardace kuskure da izinina.

Ku sani, wayar salula ta bazu a Nijeriya tun daga shekarar 2001, kana aka ƙago Facebook a Amurka a 2004. Ba mai musun amfaninsu. Amma ku tambayi kanku, tun da ba ku biya masu Facebook ko kwabo ba, da me suke cin abinci? Da talla ne. Masu haja suna biyansu domin a nuna muku hajarsu, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon abin da suke samu. Saboda haka aka gina abin ba shi da ƙarshe. Littafi yana da tamat, wannan kuwa kana ja da yatsa wani yana hawowa. Wanda ya ƙago dabarar jan nan a 2006, sunansa Aza Raskin, shi da kansa ya bayyana nadamarsa daga baya. Kada kuwa ku ce ƙauyanci ne ke damuna, domin Faransa ma a 2018 ta yi dokar hana amfani da waya a makarantun yara.

Da gari ya waye na kwafe lambobin 'yan'uwa a takarda, na mayar da layina cikin ƙaramar waya. Makon farko hannuna ya yi ta zuwa aljihu ba da sanina ba. Ba zan ɓoye muku hasarar ba, akwai jana'izar wani abokina da aka yi shelarta a WhatsApp, ban ji ba sai bayan an kai shi, kuma abin ya yi mini ciwo. Amma kira yana shigowa, kuɗi ina aikawa, kuma tilawar da ta soma kuɓuce mini ta komo.

Ban ce kowa ya jefar da tasa ba, gama akwai mai ciniki da ita. Abu uku nake roƙonku. Na fari, kada waya ta shiga zauren karatu, ta malam ko ta almajiri. Na biyu, a kashe ƙarar sanarwarta, ka neme ta sa'ad da kake so. Na uku, kada ta kwana kusa da kanka, domin mai kallo har tsakar dare ba ya samun karatun asuba.

Malamai, mu fara da kanmu, domin almajiri hannun malaminsa yake duba. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.