Kafin a Ɗauko Guduma: Gyara da Sauya Kwanis na Filasta a Tsohon Gida



Zan yi magana ne a kan wani ɓangare na gini da ba a cika ɗaga kai a kalle shi ba sai ranar da ya zubo. Ina nufin kwanis, adon filastan nan da ke zagaye ɗaki a inda bango ya haɗu da silin. Yawancin misalaina daga tsofaffin gidajen Ingila na ɗauko su, na ƙarni na 18 da na 19, domin a can ne wannan ado ya tsufa har aka sha fama da gyaransa. Mu a nan POP bai daɗe da cika gidajenmu ba, amma shi ma zai tsufa. Abin da nake son kafawa shi ne, da wuya kwanis ya lalace don kansa. Akwai abin da ke lalata shi, kuma duk wanda ya fasa shi kafin ya gano wannan abin, zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Kama ɗaya, jiki biyu

Daga ƙasa duk kwanis iri ɗaya ne a ido. A jiki kuwa iri biyu ne, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda aka ja a jikin bango. Maginin da yakan kafa ƙananan katakai a kusurwa, ya jera siraran tsinkayen katako a kansu da ɗan tazara, sannan ya yaɓa kwaɓin farar ƙasa da yashi da gashin dabba. Kwaɓin yakan kutsa ta tsakanin tsinkayen ya lanƙwasa ta baya kamar ƙugiya, in ya bushe shi ke riƙe da nauyin duka. Siffar adon kuwa da farantin kwano ake fitar da ita. A yanke shi daidai da zanen da ake so, a kafe shi a jikin wani katako da maginan Ingila ke kira doki, a riƙa jan sa a kan layi ana ƙara kwaɓi har siffar ta fito sumul. Furanni da ganyayyaki daban ake zuba su, a manna daga baya. Batun gashi ba zai ba iyayenmu magina mamaki ba. Lason da aka riƙa shafe soraye da shi a Kano da Zariya, katsi ne da dafara da gashin jima. Hikimar ɗaya ce: gashi ke hana kwaɓi tsagewa.

Na biyu shi ne wanda aka zuba a ƙasa aka ɗaga sama. A 1856 wani Bafaranshe mai suna Leonard Desachy ya yi rajistar wannan fasaha a Landan: a zuba jifsam siriri a mazubi, a ƙarfafa shi da algarara da tsinkayen katako, ya fito da sauƙin nauyi, a kai wurin aiki a rataye. Kamfanin George Jackson & Sons ya karɓi fasahar, ta bazu a manyan gidaje da gidajen wasan kwaikwayo. Wannan shi ne kakan POP ɗinmu. Inda suka sa algarara, mu filas muke sawa.

Dole mai gyara ya san halin kayan biyu. Farar ƙasa dutse ne da aka ƙona a zafin da ya kai kusan digiri 900, aka jiƙa shi. Ba ta ƙanƙara sai ta sha iska, abin da ke ɗaukar makonni har watanni. Tana da taushi, tana barin danshi ya fita, tana jure ɗan motsin gini. Jifsam kuwa zafin digiri 150 ya ishe shi ya zama garin POP, wato Plaster of Paris, wanda ya samo sunansa daga ma'adanan unguwar Montmartre a Paris. Minti goma zuwa ashirin ya kama. Amma ruwa na narkar da shi a hankali, kuma in ya jiƙe yana cinye ƙarfe da tsatsa.

Mai laifi yana sama

Idan aka kira ka ganin kwanis da ya tsage ko ya yi tabo ruwan kasa, kada ka fara da tsani a cikin ɗaki. Fita waje ka dubi rufi da indararo. Hau ka duba ko akwai bututun banɗaki a saman wurin. A mafi yawan lokuta ruwa ne mai laifi. Yana ruɓar da katako, ya sa ƙusa tsatsa, ya karya ƙugiyoyin nan na baya, sai adon ya rage yana lilo ba abin da ke riƙe da shi sai fenti da ikon Allah. A wurinmu a ƙara da gara, wadda takan cinye katako ta bar fatarsa kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe tsagar tukuna, a bar wurin ya bushe sarai, kafin a taɓa filasta.

Darasi mafi tsada a wannan fanni ya faru ne daren 19 ga Disamba, 2013, a gidan wasan kwaikwayo na Apollo da ke Landan, ginin da aka buɗe a 1901. Ana tsakiyar wasa wani sashe na silin ya rufto wa 'yan kallo, fiye da mutum 70 suka ji rauni. Binciken hukumar Westminster ya nuna cewa igiyoyin algarara da aka tsoma a jifsam aka ɗaure silin da su ne suka tsufa suka sake. Daga ƙasa silin ɗin ba ya nuna komai. Ina roƙon masu aikin POP su riƙe wannan labari, domin haka muke rataye namu, da waya da dunƙulen filas.

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa a hankali: wurin da ke manne yana amsawa da nauyi, wanda ya sake yana ƙarar ganga. A yi wa wuraren alama da fensir. Siririyar tsaga da ta bi mahaɗar bango ba abin tashin hankali ba ce. Wadda gefenta ɗaya ya fi ɗaya sauka, ko take ƙara buɗewa wata bayan wata, ita ce ke cewa ginin kansa na motsi, kuma wannan aikin injiniya ne.

Yadda ake gyara

Wurin da ya sake amma bai karye ba, a tokare shi daga ƙasa da katako mai laushin shimfiɗa, a mayar da shi mazauninsa da ƙusa mai murɗi wadda ba ta tsatsa, a sa mata wosha, a nutsar da kanta a rufe. Ƙananan tsagu a ɗan buɗe bakinsu, a share ƙura, a jiƙa, a cike. Ka'idar a nan ita ce a cike da irin abin da aka tarar, ko wanda ya fi shi taushi. Na taɓa shiga wani tsohon gidan gwamnati inda wani ɗan kwangila ya toshe tsagun filasta da siminti. Simintin ya zauna daram, ya ƙi motsi tare da maƙwabtansa, kafin damina biyu tsohon filastan ya farfashe a kewayensa. Facin ya fi ƙarfin rigar, ya yage ta.

Inda aikin ya fi bukatar haƙuri shi ne ɗaukar siffa idan wani yanki ya ɓace gaba ɗaya. Kwanis mai shekara ɗari yana iya ɗauke da fenti hawa kan hawa har zanensa ya dusashe, ganye ya koma dunƙule. Wanda ya kwafi siffa a kan wannan fenti, kumburin ya kwafa. Sai a zaɓi wuri mai lafiya, a cire fentin har a kai ga filasta, a tsaga adon a gicciye da siririn zarto, a zura kwali a tsagar, a bi gefen da fensir. Daga kwalin nan ake yanke farantin kwano. Furanni kuwa da robar silikon ake ɗaukar su, a yi mazubi, a zuba sababbi.

Daga nan sai zaɓi: a ja sabon yankin a bango, ko a ja shi a kan tebur a ɗaga. Na tebur ya fi sauri da tsafta. Matsalarsa ita ce tsohon gida ba shi da layi miƙaƙƙe. Silin ya ɗan sauka a tsakiya, kusurwa ba ta cika digiri 90 ba, tsohon kwanis ya bi wannan karkata tun shekaru. Ka kawo yanki miƙaƙƙe kamar kibiya ka haɗa, ido zai kama mahaɗar daga bakin ƙofa. Ja a bango ne ke bin halin ɗakin. Abin da ke damuna shi ne yawancin yaranmu zubi kawai suka iya; wanda zai yanke faranti ya ja ado da hannunsa, ya kuma gyara kusurwa da ƙaramin ƙarfe, sai an tona.

Gargaɗi biyu kafin a kankare komai. Tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, wadda Birtaniya ba ta hana sayar da fentinta ga jama'a ba sai 1992. Sannan asbestos, da Birtaniya ta haramta gaba ɗaya a 1999, yana nan birjik a silin ɗin gidajenmu da yawa. Ba a goge su a bushe, ba a yanka su da inji, ba a aikin babu takunkumi.

Yaushe ake sauyawa

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa sauyawa. Idan katakon baya ya ruɓe duka, ko filastan na marmashewa a hannu kamar gari, sai a sauke. A Ingila gidan da ke cikin jerin gine-ginen tarihi ba a cire masa irin wannan ado sai da izinin hukuma, kuma tun 1877 ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa take wa'azin a gyara abin da ke nan maimakon a yi sabo a kira shi tsoho. Mu ba mu da wannan takunkumi a gidajen jama'a, don haka sai lamirin mai aiki. Kafin a sauke, a ɗauki hoto, a auna, a yanko yanki mai lafiya kamar tsawon kamu biyu a ajiye.

Game da kwanis na roba mai kumfa da ake mannawa da gam, ba shi da laifi a sabon shago. A ɗaki mai tsayin silin mita uku da rabi, siririn abin nan yakan zama kamar hular yaro a kan dattijo. Girman ado da tsayin ɗaki tare aka auna su tun asali.

Sauran magana ga masu sabon aiki. Yawancin silin ɗin POP da muke yi yau a rufe suke ruf, babu ta inda za a leƙa bayansu. A bar ƙofar dubawa, ko da santimita 60 ce a kowane gefe, a lungun da ba ta ɓata ado. A yi amfani da wayar da ba ta tsatsa. In an gama, a rubuta sunan ɗaki a jikin farantin da aka ja adon da shi ko mazubin da aka zuba shi, a miƙa wa mai gida tare da makullansa.