Bukukuwan Mutanen Hamada da Darasin da Ke Cikinsu Gare Mu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin farko ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

Da farko ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu cikin rai da lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu. Lokacin da kwamiti ya nemi in yi jawabi, na so in kauce, domin ni aikin dabbobi na yi har na yi ritaya. Amma da na tuna malaminmu na labarin ƙasa, wanda ya zana mana taswirar Sahara a allo, muka riƙa cewa ai wurin nan babu kowa sai rairayi, sai na ga ya kamata in zo in gyara kuskurenmu na ƙuruciya a gabansa. Malam, Allah Ya ƙara lafiya, na je na gani, gani kuwa ya kori ji.

Jama'a, bukukuwan mutanen arewacin Nijar iri biyu ne. Akwai waɗanda ke bin damina da kaka, akwai kuma waɗanda ke bin watan Musulunci. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11, bukukuwan addini suna zagaya lokutan shekara, wani sa'i su faɗo a sanyi, wani sa'i a bazara. Na makiyaya kuwa ruwan sama ne ke sa musu rana.

Mafi girma cikinsu shi ne bikin lasar gishiri da ake yi a Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, a watan Satumba. Ga yadda abin yake. Idan damina ta faɗi, manoma suka yi shuka a kudu, sai makiyaya, Abzinawa da Fulani, su kora dabbobinsu su nufi arewa, su bar wa manomi gonarsa. A filayen da ke kewaye da Ingal zuwa Tegidda, ƙasa da ruwa da ciyawa duk suna da gishiri. Dabba ta sha, ta lasa, cikinta ya wanke, jikinta ya murje, kamar dai yadda Fulaninmu na nan ke ba shanu kanwa. To, kafin a juyo kudu, sai a haɗu a Ingal. A nan ake sada zumunci, a ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta rikicin rijiya ko na makiyaya a gaban shugabanni, a yi cinikin raƙuma da shanu. Hukuma ma takan yi amfani da taron ta yi wa dabbobi allurar rigakafi, ta duba lafiyar mutane, domin babu wani lokaci da za ta same su wuri ɗaya kamar wannan.

Akwai nishaɗi kuma. Matan Abzinawa sukan rufe bakin turmi da fatar akuya su mayar da shi ganga, abin da suke kira tende, maza kuma su kewaye su bisa raƙuman da suka sha ado. Fulanin Bororo, watau Woɗaɓe, su ma a ƙarshen damina suke yin Gerewol, inda samari ke yin kwalliya su jeru suna rawa, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi kyau. Ba ina cewa duk abin da ake yi a can ya dace da tarbiyyarmu ba ne, malamansu ma suna magana a kai. Abin da nake so mu lura da shi shi ne dalilin taron.

Da an watse daga Ingal, wajen watan Oktoba, sai ayarin gishiri ya tashi daga Abzin ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Balma, tafiyar da ta wuce kilomita 500. An rubuta cewa ayarin shekarar 1906 ya kai raƙuma 20,000. Su kai gero, su ɗauko kantun gishiri da dabino, sa'an nan su gangaro ƙasar Hausa bayan girbi, su yi musaya da hatsi, raƙumansu su yi kiwo a gonakin da aka kwashe, su bar wa manomi taki. Wanda duk ya tashi a Gummi ko Anka ko Bukkuyum a zamaninmu ya san Buzu da rawaninsa da takobinsa a bakin kasuwa. Ashe gishirin Balma da muke gani a rumfa, ƙarshen wannan doguwar tafiya ce.

Ta ɓangaren addini kuwa, Agadas tana da Biyanu, wanda ake yi a watan Muharram, ya kai ƙarshe a ranakun 9 da 10, watau lokacin da mu muke Cika-ciki. Samarin gari sukan kasu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tamburansa. Su fita bayan gari su kwana, kashegari su shigo riƙe da ganyen kaba, su zagaya unguwanni har fadar Sarkin Abzin. Haka nan Mauludi, Abzinawa suna kiransa Gani, sunan da mu ma muke kiran watan Rabi'ul Awwal da shi, wanda kuma mutanen Daura ke yi wa hawan Sallar Gani. Duk wannan a inuwar babban masallacin Agadas ake yinsa, mai hasumiyar laka mai tsawon mita 27, wanda aka gina wajen 1515 aka sake gina shi a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kada kuma mu manta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya je Agadas karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru kafin ya zo ya yi shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Saboda haka dangantakarmu da mutanen nan ta ciniki ce, ta ilimi ce, ta addini ce.

Su ma fa sun sha wuya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe musu dabbobi ba adadi, shi ne muka ga masu garke sun koma aikin gadi a biranenmu. Daga 1990 aka yi tawaye a arewacin Nijar har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu, 1995, aka sake wani daga 2007 zuwa 2009. Motoci kuma sun karɓe yawancin lodin raƙuma. Duk da haka ba su saki tarukan nan ba, da an sami sarari sai su koma Ingal.

To, 'yan'uwa, mu dawo gida. Tun wajen 2011 ƙasarmu ta shiga halin da kowa ya sani. A nan ɗakin akwai wanda ya biya kuɗin fansa, akwai wanda ya bar gonar gado, akwai abokan karatunmu da ba su zo yau ba saboda tsoron hanya. A watan Satumba na 2021, watan da makiyaya ke haɗuwa a Ingal, mu a Zamfara kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya. Alhali kuwa kasuwar mako ita ce Ingal ɗinmu. A nan Bafulatana ke kawo nono ta koma da gero, a nan Arɗo da mai unguwa ke zama su kashe maganar ɓarnar gona tun ba ta kai gaban alƙali ba. Da kaka a yi dambe da kokawa da sharo, da Salla a yi hawa, kowa ya zo ya yi gaisuwa. Yaron da ya tashi yau, Bahaushe ko Bafulatani, da wuya ya san ɗan'uwansa sai ta labarin tsoro.

Ba zan yaudare ku in ce biki yana maganin bindiga ba. Tsaro aikin hukuma ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tuna mata. Sai dai ko an kwance ɗamara gobe, mutanen da ba su da wurin haɗuwa ba za su daɗe cikin lumana ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Don haka ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta farko, mu sa gasar rubutu a makarantarmu, ɗalibai su je wurin dattawan garuruwansu su rubuto yadda ake bukukuwan kaka da inda burtali da mashaya suke a da, tun masu sanin ba su ƙare ba. Ta biyu, mu tura wakilai ga iyayenmu sarakuna na Anka da Gummi da Bukkuyum, mu roƙi a riƙa zama kowace shekara tsakanin manoma da shugabannin makiyaya a sa ranar sakin gonaki bayan girbi, kamar yadda ake yi a Nijar. Ta uku, mu da muka yi aikin dabbobi da na asibiti a cikinmu, mu ba da ranar rigakafi kyauta a duk inda aka yi wannan zama, kuma ni ne na farko da zan rubuta sunana.

Daga ƙarshe ina neman gafarar malamaina idan na yi tuntuɓen harshe, domin har yau ɗalibinku ne ni. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.