Agogon Cikin Kai da Hasken da ke Saita Shi

 Yau zancen haske za mu yi, da yadda yake taɓa barcinmu.

An yi isha'i, an ci tuwo, jiki ya gaji tilis, amma an kwanta barci ya ƙi zuwa. Sai a ɗora wa zafi laifi, ko sauro, ko tunanin cefanen gobe. Sau da yawa haka ne. To amma akwai wani hannu a ciki da ba a cika lura da shi ba.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin halitta kusan 20,000. Shi ne agogon jiki. Shi ke tsara lokacin da za ka ji barci, da lokacin da zafin jikinka zai sauka ko ya hau. Sai dai agogon nan ba ya tafiya cif da rana. Binciken Charles Czeisler na jami'ar Harvard a 1999 ya nuna zagayensa ya ɗara awa 24 da kimanin minti 11. Ke nan kullum sai an saita shi, kuma ta ido ake saitawa.

A 2002 David Berson na jami'ar Brown a Amurka ya tabbatar da cewa a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da babban aikinsu ba ganin sura ba ne. Ƙarfin haske suke aunawa, su kai wa agogon labari, kuma sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi, irin na sararin samaniya da hantsi. In duhu ya yi, jiki sai ya fara sakin sinadarin melatonin, mai sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. In aka kawo wuta ƙarfe goma, farin ƙwan nan ya haske ɗaki fayau, sakin nasa sai ya jinkirta.

Waya fa? A wani bincike da aka wallafa a 2015 a Boston, an sa mutane karatu a iPad awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere. Barci ya yi musu jinkirin kusan minti goma, agogon jikinsu kuwa ya ja baya da awa ɗaya da rabi. Ni dai a ganina, abin da ake kallo a wayar ma ba ƙaramin ɓarawon barci ba ne. Wanda ke musun ƙwallo a WhatsApp ƙarfe ɗaya na dare, ba haske kaɗai ya hana shi runtsawa ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne safiya. Ɗakin da muke ganin yana da haske, in aka auna, da ƙyar ya wuce laks 300 a ma'aunin ƙarfin haske. A waje kuwa, in rana ta take, yakan kai 100,000. Ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, tsakar gida ta ninka ɗaki nesa ba kusa ba. A 2013 wani mai bincike, Kenneth Wright, ya kai mutum takwas daji a jihar Colorado, mako guda ba lantarki, sai rana da wutar ice. Da suka dawo, agogon jikinsu ya matso gaba da kusan awa biyu.

Mu kuwa Allah ya hore mana rana, amma wani daga ɗaki sai cikin rumfar kasuwa, wata kuma ta wuni a uwar ɗaka labule a sake. Hajiya, in rana ta fito, a fitar da tabarma tsakar gida, a yi karin kumallo a can, ko na minti ashirin ne. A fito da tsofaffi da marasa lafiya su ma. Ba a ce a ƙura wa rana ido ba, wannan lahani ne. Zama a fili ya wadatar. Yara kuma a bar su su yi wasa a waje, domin an gano hakan na rage musu matsalar rashin hangen nesa.

Da dare a rage fitilu, a ajiye waya awa guda kafin kwanciya. Masu gadi da ma'aikatan jinya da ke kwana aiki, ku duhunta ɗaki sosai in za ku rama barci da rana.

Wanda kuma rashin barci ya ɗauki makonni yana damunsa, ya je asibiti ya ga likita, kada ya tsaya sayen maganin barci a kemis.