Tashin Dare na Dattawanmu: Tsufa Ne Ko Ciwo?



Abin da za mu tattauna a kai yau ba irin maganar da aka saba yi a bainar jama'a ba ne, domin magana ce ta fitsari, ta kuma shafi mutanen da muke jin nauyinsu fiye da kowa, watau iyayenmu maza da kakanninmu. Saboda haka muna neman gafara tun daga farko in wata kalma ta yi wa kunne nauyi. Amma Hausawa sun ce wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon zai ɓoye shi, ga shi kuwa wannan ciwo ya daɗe yana fakewa a bayan kunya.

Da yawa daga cikinmu in mun je gida hutu mukan ji motsin ƙofa da ƙarar buta daga turakar maigida sau uku, sau huɗu kafin assalatu. Da hantsi kuma a ga dattijo yana gyangyaɗi a zaure, ko a rumfarsa ta kasuwa, sai a ce ai tsufa ne. Lalle da hannun shekaru a ciki, amma ruwa ba ya tsami banza. Galibi akwai dalili sananne, kuma yana da magani.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira furosteti. Ga saurayi girmanta bai wuce ƙaramin goro ba, nauyinta wajen giram 20. Aikinta shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari kuwa ta tsakiyarta ta ratsa kafin ta fito waje. Daga wajen shekara 40 tsokar nan takan soma ƙara girma sannu a hankali. An ƙiyasta cewa rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da wannan ƙarin girma, waɗanda suka haura 80 kuwa abin yakan kai kashi 90 cikin 100, ko da yake ba duka ne yake damunsu ba. Wannan ba ciwon sanyi ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wajen mace. Ya kamata a jaddada wannan, gama tsoron kada a yi musu mummunan zato yana cikin abin da ke hana dattawa buɗe baki.

In tsokar ta girma sai ta matse hanyar fitsari, kamar yadda mutum zai taka mesar ruwa. Sai fitsari ya riƙa jinkirin farawa, ya fito ba ƙarfi, yana yankewa, sa'an nan ya biyo baya da ɗigo bayan mutum ya yi tsarki, abin da ke jefa mai salla cikin kokanto game da alwalarsa. Ita kuma mafitsara, don tana fama da turawa kullum, sai jikinta ya yi kauri, ta zama mai saurin zabura, ruwa kaɗan ya taru ta ce a tashi. Har ila yau ba ta iya juye abin da ke cikinta duka. Mafitsarar babban mutum takan ɗauki kusan rabin lita. To, in kwata ya yi saura bayan an kewaya, ashe kwata kaɗai ya rage ta sake cika. Randar da ba a kwashe ruwanta sarai ba ai ba ta jimawa take tumbatsa.

Me ya sa abin ya fi tsanani da dare? A jikin matashi akwai sinadarin da ke ƙaruwa in dare ya yi, wanda ke sa ƙoda ta rage yawan fitsarin da take tacewa, shi ya sa mukan yi barci har asuba ba mu farka ba. Da shekaru suka ja, wannan tsari yakan yi rauni. Ban da haka, dattijon da ƙafafunsa ke kumbura da rana, da zarar ya miƙe a shimfiɗa sai ruwan ya koma cikin jini, ƙoda ta mai da shi fitsari. Ga kuma shayi da kofi da goro, dukansu suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara fitsari, yana kuma tsokanar mafitsara. Mun san kuwa yadda hirar dare take a garuruwanmu, ba ta cika sai da ɗayansu.

A nan sai mu yi hattara, kada mu ɗora wa furosteti laifin kome. Ciwon sukari yana sa yawan fitsari tare da ƙishirwa. Wasu magungunan hawan jini aikinsu ke nan, fitar da ruwa daga jiki. Ciwon zuciya, da ciwon ƙoda, da irin minsharin nan mai ɗauke numfashi cikin barci, duka suna tā da mutum da dare. Abin da likita zai so ya sani shi ne, fitsarin kaɗan-kaɗan ne yake zuwa, ko kuwa mai yawa ne kowane tashi? Hanyar ganewa mai sauƙi ce, kowane ɗalibi yana iya taimakawa. A sami kwalba wadda aka san awonta, a rubuta lokacin da aka sha ruwa da yawansa, da lokacin da aka yi fitsari da yawansa, har kwana 3. In fitsarin dare ya zarce sulusin na yini da dare gaba ɗaya, to, matsalar ba ta tsaya ga toshewar hanya kaɗai ba. Wannan 'yar takarda takan rage wa likita aiki ƙwarai.

Wani zai ce, to mene ne abin tā da hankali a tashi kewayawa? Na farko, rashin barci yana raunana jiki, yana rage kuzari da natsuwa. Na biyu, a yawancin gidajenmu makewayi yana can ƙarshen gida, dattijo mai magagin barci zai ratsa tsakar gida cikin duhu, wani lokaci cikin santsin damina ko sanyin hunturu. Faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu, karayar ƙugu ga tsoho kuwa sau da yawa ita ce mafarin kwanciya. Na uku, fitsarin da ke kwantawa a mafitsara yana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, in ya daɗe yana dannowa baya yana iya lalata ƙoda. Na huɗu, wata rana fitsarin yana iya tsayawa cik, mara ta kumbura, mutum ya shiga azaba. Wannan ba abin jira ba ne har gari ya waye, ko a tsaya jiƙa saiwa. Asibiti za a nufa nan take a sa masa roba. Wasu magungunan mura da ake saye a kemis ba da izinin likita ba suna iya jawo wannan tsayawa. Haka kuma jini a fitsarin dattijo, kada a ce ai tsargiya ce irin ta yara masu wanka a kududdufi, a kai shi a duba.

Ƙarin girman furosteti ba sankara ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama ita. Sai dai su biyun suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya, sankarar furosteti kuwa ita ce kan gaba a cikin sankarar da ke kama maza a Nijeriya. Shi ya sa likita yakan taɓa tsokar da yatsa ta dubura, ya auna fitsari da sukari, wani lokaci ya ƙara da gwajin jini da ake kira PSA. Binciken yatsan nan shi dattawa suka fi gudu, alhali bai wuce minti guda ba.

Magani hawa-hawa ne. A gida, a rage shan ruwa kamar awa 2 kafin kwanciya, a bar shayi da goro daga la'asar, a ɗaga ƙafafu kan matashi da yamma in suna kumbura, in an gama fitsari a dakata kaɗan a sake gwadawa, a kuma ajiye fitila da wani mazubi kusa da gado. Mai shan maganin fitar da ruwa ya nemi shawarar likita kan lokacin shansa, kada ya daina da kansa. A asibiti akwai ƙwayoyi irin su tamsulosin, mai sassauta wuyan mafitsara, wanda akan ga amfaninsa cikin 'yan kwanaki ko makonni, ko da yake yakan sa jiri. Akwai finasterid, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992, mai rage girman tsokar kanta, amma shi sai an yi haƙurin kamar wata 6. In waɗannan sun gaza, akwai aikin da ake shiga ta hanyar fitsari a kankare abin da ya toshe, ba tare da an tsaga ciki ba.

Saura kunya, ita ce babban shinge. A watan Janairu na 2024 fadar Sarki Charles na Uku na Ingila ta sanar wa duniya cewa za a yi masa aiki saboda wannan larura, yana da shekara 75, kuma rawaninsa bai faɗi ba. Mun sani a al'adarmu ɗa ba ya tarar mahaifinsa da irin wannan zance kai tsaye, ba ma kuma cewa a yar da ladabi. Amma hanyoyi suna da yawa. Akwai baffa ko kawu, akwai aminin maigida, akwai mahaifiyarmu wadda ta fi kowa sanin sau nawa ake tashi. Ana kuma iya cewa, “Baba, mu je a auna jini da sukari,” sauran tambayoyin a bar wa likita.

'Yan'uwa, mutanen nan su suka sayar da amfanin gona da dabbobi suka turo mu nan. Ba sai mun karɓi digiri za su fara cin moriyar karatunmu ba. In hutu ya zo, mu kasa kunne da dare, mu sami hanyar magana da rana, tun fitsarin bai tsaya ba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.