Kada Ki Ɓoye Zafin

Maganarmu ta yau ga mata ta ke, amma maigida, kada ka tashi, da kai a ciki.

'Yar'uwa, ke da aka yi wa aiki aka cire miki mama saboda ciwon daji, ko a Wad Madani ko a Hartum, ga shi kin komo gida da ɗinki a ƙirji har hammata. Tun kina yarinya aka koya miki cije baki, wai mace ba ta kuka ko a kan gwiwa. To, nan ba wurin wannan ba ne. Wadda zafi ya hana ta jan numfashi sosai, huhunta ya kan kamu da ciwo. Wadda ta ƙi ɗaga hannu don zafi, kafaɗarta ta kan sandare, har ɗaurin ɗankwali ya gagare ta.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera magungunan zafi hawa uku, daga farasitamol, wato Panadol, har zuwa mofin, ta kuma ce a sha su bisa ga agogo. Mai shago ba ya jira sai sukari ya ƙare kafin ya saro wani. Haka nan kada ki jira zafi ya tashe ki tsakar dare. Panadol mai lamba 500, babba ya sha biyu, a bar awa 6 tsakani, kada ya wuce 8 a yini da kwana, gama abin da ya fi haka ya kan lalata hanta. Ibuprofen kuwa sai bayan an ci abinci, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisance shi. Idan likita ya rubuta tramadol ko mofin, ki sha daidai yadda ya faɗa. Su kan ɗaure ciki, sai ki nemi maganin wannan tun da wuri. Akwai kuma wani zafi dabam, mai ƙuna kamar barkono a hammata da dantse. Na jijiya ne, maganinsa dabam ne, ki faɗa wa likita.

Mun sani tun yaƙin da ya tashi a Afrilu 2023 magani ya yi wuya. Duk da haka, maigida, kada ka sayi ƙwaya marar suna a faifan kasuwa. In ka ga zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa, ka kai ta asibiti ran nan.

Waɗansu su kan ce, bari in sha wuya, ko Allah ya kankare mini zunubi. 'Yar'uwa, ki saurara. Linjila ta hannun Markus, sura 15, ta gaya mana sa'ad da za a gicciye Isa Almasihu an miƙa masa abin sha gauraye da mur, irin wanda a kan ba mutum don ya rage masa azaba. Bai karɓa ba. Ya shanye azabar nan duka da hankalinsa, domin bashin zunubinki da nawa ne ya ke biya. Wanda aka biya wa bashi, me zai sake kai wa mai binsa? Ki sha maganinki, ki kuma kira sunansa cikin dare, yana ji.

Kadan kina so a karanta miki surar nan, ki tambayi wanda ya ba ki wannan takarda.