Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Abin da Malami Zai Duba Kafin Ya Sayi Kwamfuta



Lokacin da da yawa daga cikinmu muka baro kwalejin horar da malamai ta Maru, alli da allo da littafin tsara darasi sun ishe mu aiki. Yau zamani ya juya. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, haka kuma jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai, TRCN, a kan kwamfuta ake zana ta. Shi ya sa malami yake tara kwasar adashi ta wata da watanni domin ya mallaki kwamfutar hannu, galibi ta gwanjo, daga Gusau ko Sakkwato ko titin Beirut da ke Kano. Kuɗin da aka tara da irin wannan gumi ya cancanci a kashe shi da sani.

Abin da ya jawo wannan jawabi shi ne labarin wani abokin aikinmu. Ya sayi kwamfuta aka ce masa ram ɗinta giga 8 ne. Da ya dawo gida aka buɗe bayanta, sai ga 'yan alluna biyu, kowanne giga 4. Nan take ransa ya ɓaci, ya ce an haɗa masa guntaye maimakon abu ɗaya cikakke, har ya ɗaura niyyar komawa Gusau, alhali duk mun san abin da hanyar Anka zuwa Mayanchi take ci na kuɗin mota da na fargaba. Gaskiyar magana ba a cuce shi ba. Haka masu ƙera kwamfuta suke yi da gangan, kuma suna da dalili.

A cikin kwamfuta ma'aji iri biyu ne. Akwai na dindindin, wanda ya yi kama da rumbu: abin da aka zuba yana nan ko an kashe wuta. Akwai kuma ram, wanda ya yi kama da teburin malami: a kansa ake baza abin da ake aiki da shi yanzu, da an kashe na'ura kuma a share shi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ba ta daina kai da kawowa zuwa wannan teburi. A yawancin kwamfutocin da ke hannunmu hanyoyi biyu aka shimfiɗa mata zuwa can, kowace faɗinta bit 64. Idan allon ram ɗaya aka sa, hanya ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana zaune banza. Idan biyu ne, duka sun buɗe.

Mu da muke koyarwa a firamare mun san wannan a aikace. Aji mai ƙofa ɗaya, in aka kaɗa ƙararrawar tashi, sai turereniya. Ajin da ke da ƙofa biyu, girmansa ɗaya da wancan, amma nan da nan ya watse. A lissafi, allon DDR3 mai lamba 1600 yana iya wuce da bayanai har giga 12.8 a daƙiƙa guda. Biyu tare kuwa 25.6. Ribar ta fi bayyana a kwamfutocin da ba su da katin hoto na daban, domin su daga cikin ram ɗin nan suke ɗiban abin da za su nuna hoto da bidiyo. Akwai wata fa'idar kuma: in allo ɗaya ya lalace, sau da yawa ana iya cire shi a ci gaba da lallaɓawa da ɗayan.

Sai dai kada mu zuzuta abin fiye da ƙima. Ninka faɗin hanya ba ya ninka saurin kwamfuta. Mai buga takardar jarrabawa ko jadawalin sakamako da ƙyar zai ji bambancin. Yawan ram ɗin shi ne gaba: giga 8 a allo ɗaya ya fi alluna biyu masu giga bibbiyu. Kuma tsarin yana da nasa cikas, domin kwamfutar hannu ba ta cika wuce gurbi biyu ba. In duka a cike suke, ranar da aka so ƙari sai an cire ɗaya ko duka biyun. Wasu ma an liƙe ram ɗinsu a jiki, ba ya ciruwa sam.

Saboda haka, kafin mu miƙa kuɗi, mu sa mai kanti ya kunna na'urar ya buɗe Task Manager, inda ake ganin adadin ram, a Windows 10 da 11 kuma har da gurbi nawa ne a cike. In za mu ƙara, mu nemi irin wanda ke ciki, domin DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. In za mu kai gyara, mu rubuta abin da ke ciki a gaban mai gyaran. Mun taɓa ganin kwamfutar wata malama da ta tafi gyara da giga 8 ta dawo da 4, ba ta farga ba sai da nauyin aiki ya tona asiri, lokacin kuwa babu shaidar da za ta kafa.

Muna roƙon shugabannin reshe da su ware mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, waɗanda suka ɗan san kan na'ura, domin duk ɗan ƙungiyar da zai saya ya fara tuntuɓar su. Albashinmu bai kai mu sayi abu ɗaya sau biyu ba.

Allah Ya sa wa abin da muke samu albarka, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.