Makoko: Unguwar da Hukuma Ke Tunawa da Ita Ranar Rusau

Duk wanda ya bi gadar Third Mainland a Legas zai hango Makoko daga sama: gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, kwale-kwale na kai-komo, hayaƙin bandar kifi na tashi. Unguwa ce ta masunta, da yawansu 'yan ƙabilar Egun, tana gefen Yaba, a tsakiyar birni.

Abin takaici, sanarwar da mazauna suka fi sani daga hukuma ita ce ta tashi. A watan Yulin 2012 gwamnatin jihar ta ba su wa'adin awa 72, sannan aka zo aka sassare turakun gidaje, iyalai da 'ya'yansu suka koma kwana cikin kwale-kwale. Haka aka yi wa unguwar Otodo Gbame da ke Lekki a 2016 da 2017, har Babbar Kotun Legas ta yanke hukunci a watan Yunin 2017 cewa korar mutane ba tare da tanadar musu matsuguni ba, ta saɓa wa tsarin mulki.

A Makoko, wata makaranta mai shawagi a kan ruwa, wadda Kunlé Adeyemi ya tsara, ta ja hankalin duniya a 2013, amma mamakon ruwan sama ya rusa ta a 2016.

Ruwan sha kuwa saye ake yi, shara da bayan gida duk cikin tafkin Legas suke zuba. Kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne, ba alfarma ba. Shugabannin yankin Yaba su zauna da masu unguwannin Makoko, su bayyana musu da Yarabanci da Egun abin da aka tanada kan ruwa, asibiti da makaranta, kafin wata takardar wa'adin ta sake isowa.